Victoria Gray da jinin jarirantaka: yadda aka tunkari ciwon sikila daga cikin ƙwayar jini

Ranar 2 ga Yulin 2019, a wani asibiti da ke birnin Nashbil na jihar Tenesi a Amurka, aka ɗura wa wata mata mai suna Victoria Gray ƙwayoyin ɓargonta. Nata ne na kanta, an ɗebe su watanni kafin nan, an yi musu gyara a ɗakin bincike, sannan aka dawo mata da su ta jijiya. Ita ce mai ciwon sikila ta farko a Amurka da aka yi wa magani da fasahar gyaran ƙwayoyin gado da ake kira CRISPR. Uwa ce mai 'ya'ya huɗu, daga wani ƙaramin gari mai suna Forest a jihar Misisipi, kuma da yardarta aka bayyana sunanta da labarinta.

Tana da wata uku a duniya aka gano SS ce. Ta taso da ciwon, ya katse mata karatu, ya mayar da asibiti gidanta na biyu. Rahoton da likitocinta suka wallafa a ƙarshen 2020 ya bayyana ta a matsayin mace 'yar shekara 33, ya kuma ƙididdige shekaru biyun da suka gabaci maganin: a kowace shekara ciwon yakan tashi mai tsanani har sau bakwai, ana yi mata ƙarin jini sau biyar, ana kwantar da ita sau uku zuwa huɗu. Ma'aunin jininta 7.2 ne, alhali na lafiyayyar mace yakan kai 12 ko ya haura. Duk wanda ya taɓa kwana a gefen gadon mai sikila, yana matsa masa ƙafa yana kuka har asuba, ya san abin da ke bayan waɗannan lambobi.

Neman dashen ɓargo ne ya kai ta Nashbil. A can likitanta, Haydar Frangoul, ya gaya mata akwai wani gwaji da ba a taɓa yi wa mai irin ciwonta ba, ta amince. Abin da ya ja hankalina a lamarin shi ne cewa masu gwajin ba su taɓa kuskuren da ke haddasa sikila ba ko kaɗan. Yana nan a jikinta har gobe. Wani wuri dabam suka yanka, a wata ƙwayar gado da ba ta ma zaune a kuromozom (wato ƙunshin ƙwayoyin gado) ɗaya da shi. Ba za a gane hikimar yin hakan ba sai an shiga cikin ƙwayar jini an ga abin da ke faruwa a ciki.

Harafi ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi

Jar ƙwayar jini jaka ce mai laushi, faɗinta kamar kashi 8 cikin 1,000 na milimita, kusan babu komai a cikinta sai ruwa da hemogulobin, furotin da ke ɗaukar iskar oksijin daga huhu ya kai wa sassan jiki. Kowace ƙwaya tana ɗauke da kusan miliyan 270 na wannan furotin, a cunkushe, har kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinta shi ne. Duk da wannan cunkoso, a jikin mai lafiya kowane hemogulobin yana yawo shi kaɗai, ba ya manne wa ɗan'uwansa, shi ya sa ƙwayar take iya lanƙwashewa ta kutsa ta cikin ƙananan jijiyoyin da suka fi ta ƙunci, ta fito ta koma siffarta.

Hemogulobin na babba sarƙoƙi huɗu ne a haɗe: alfa biyu, beta biyu. Sarƙar beta jerin amino asid 146 ce, wato ƙananan tubalan da ake gina furotin da su, umarnin ƙera ta kuma yana rubuce a kuromozom na 11. A gurbi na shida na wannan jeri, rubutun DNA na yawancin mutane GAG ne, wanda ke nufin a sa gulutamik asid. A wurin mai S, wato hemogulobin na sikila, harafin tsakiya ya sauya, ya zama GTG, sai a sa wani amino asid mai suna balin. Iyakar bambancin ke nan. Linus Pauling da abokan aikinsa ne suka nuna a 1949 cewa hemogulobin na masu sikila ya bambanta da na sauran mutane wajen tafiya cikin lantarki, sannan Vernon Ingram ya gano ainihin sauyin a Kambirij ta Ingila tsakanin 1956 da 1957. Kafin su, tun 1910, likita James Herrick na Shikago ya bayyana ƙwayoyi masu siffar lauje a jinin wani ɗalibin likitan haƙori ɗan tsibirin Girenada.

Gulutamik asid yana ɗauke da caji, yana son ruwa, yana zaune lafiya a bayan furotin. Balin kuwa maiƙo ne da shi, ba ya jituwa da ruwa, kamar ɗigon man gyaɗa da ya faɗa cikin ƙwarya, neman ɗan'uwansa yake ya manne. Muddin hemogulobin yana riƙe da oksijin, balin ɗin ba ya samun wurin shiga. Amma da zarar ya sauke iskar a cikin tsoka ko ƙashi, siffarsa takan ɗan juya, wani ɗan rami mai maiƙo ya buɗe a sarƙar beta, tsakanin gurbi na 85 da na 88. Sai balin na wannan hemogulobin ya faɗa ramin na maƙwabcinsa, na maƙwabcin ya faɗa na gaba, haka har su zama dogon zare. Zare 14 ne suke murɗewa wuri ɗaya su zama igiya guda mai tauri. Idan igiyoyin suka yi yawa sai su miƙar da ƙwayar daga ciki, ta sandare, ta zama lauje.

Da a ce haka yake faruwa nan take duk lokacin da jini ya sauke oksijin, babu mai SS da zai wuce shekararsa ta farko. Abin da ya sa suke rayuwa shi ne wani jinkiri da James Hofrichter da William Eaton da abokin aikinsu suka auna a 1974 a Cibiyar Lafiya ta Ƙasa ta Amurka. Bayan an cire oksijin, babu abin da ke faruwa na ɗan lokaci. Sai 'yan hemogulobin kaɗan sun yi dacen haɗuwa sun kafa tushe, sannan igiya ta fara tsawo, sababbi su tsiro a jikinta, cikin ƙiftawar ido ƙwayar ta cika. Ita kuwa ƙwayar jini kusan daƙiƙa ɗaya take yi wajen ratsa ƙaramar jijiya, bayan wasu daƙiƙoƙi ta koma huhu, ta sha iska, abin da ya fara haɗuwa ya narke. Idan jinkirin ya fi tafiyar tsawo, ta tsira a wannan zagaye. Idan tafiyar ta fi shi tsawo, ta sandare a wurin da ya fi ko'ina ƙunci.

Tsawon jinkirin ya dogara ne a kan kaurin hemogulobin S a cikin ƙwayar, kuma dogaron ya wuce misali. A ma'aunin da suka yi, idan kaurin ya ragu da kashi 8 cikin 100 kacal, jinkirin yakan ninka kusan sau goma. Wannan lissafi shi ne zuciyar ciwon sikila, kuma da shi ake fahimtar abubuwa da yawa da iyaye suka daɗe da sani a aikace. Ƙishirwa da gudawa da zafin bazara suna tsotse ruwan jiki, ƙwayar ta ƙara kauri, jinkiri ya gajarta. Sanyin hunturu yana matse jijiyoyi, tafiya ta yi nawa. Zazzaɓi da wahalar aiki suna ƙara wa jiki buƙatar oksijin. Uwar da ke bin ɗanta da kofin ruwa, tana hana shi wanka da ruwan sanyi da sassafe, tana ƙara wa ƙwayoyin jininsa daƙiƙoƙi ne. Mai AS kuma, da yake S ɗin da ke cikin ƙwayarsa bai kai rabi ba, jinkirinsa ya fi duk wata tafiya tsawo, shi ya sa yake zaune lafiya sai fa a yanayi mai tsananin gaske.

Abin bai tsaya a toshewa kaɗai ba. Ƙwayar da ta sandare ta warware, ta sake sandarewa sau da yawa, fatarta takan lalace. Wasu ƙofofin da ke jikin fatar su buɗe, sinadarin fotashiyam ya fita, ruwa ya bi shi, ƙwayar ta bushe, hemogulobin ya ƙara kauri, wato ciwon yana ciyar da kansa. Lafiyayyar ƙwaya takan yi kwana 120. Ta mai sikila kwana 10 zuwa 20 take yi ta fashe. Daga nan ƙarancin jini yake zuwa, da ɗorawar ido, da tsakuwar matsarmama. Hemogulobin da ya zube cikin jini yana cinye wata iska da bangon jijiya ke fitarwa don ya saki jiki, mai suna naitirik okzaid, sai jijiyoyi su ɗaure. Bangon ya kumbura ya yi danƙo, fararen ƙwayoyin jini su liƙe masa, jajaye su liƙe wa farare, tafiya ta ƙara nawa. A ƙashi wannan shi ne azabar da ke sa babban mutum birgima. A huhu shi ne ciwon ƙirjin da ke kisa, a ƙwaƙwalwa kuma shanyewar ɓarin jiki. Saifa tana cikin waɗanda suke fara mutuwa, tun yaro yana ƙarami, ita ce kuwa mai tace wasu ƙwayoyin cuta daga jini. Shi ya sa zazzaɓin da wani yaro zai warke da shi a gida yake iya ɗauke mai sikila cikin kwana ɗaya, kuma shi ya sa gwajin da aka kammala a Amurka a 1986 ya nuna cewa ba ƙananan yara fenisilin kullum yana rage irin wannan cuta da kashi 84 cikin 100.

Me ya sa ya yi yawa a wurinmu

Kakannin Victoria Gray daga Afirka aka kwashe su, da S ɗin a jininsu. Anthony Allison ya nuna a 1954, a Gabashin Afirka, cewa masu AS sun fi jure wa zazzaɓin cizon sauro, binciken da ya biyo baya kuma ya nuna kariyar daga mai tsananin tana kusan kashi 90 cikin 100. Ƙwayar cutar tana rayuwa ne a cikin jar ƙwayar jini. Idan ta shiga ta mai AS sai ƙwayar ta yi saurin lanƙwashewa, saifa ta tsince ta, ita ma cutar ba ta girma yadda take so a inda oksijin ya yi ƙaranci.

An ga wannan ƙuru-ƙuru a ƙasar Hausa. A shekarun 1970, lokacin babban binciken maleriya da Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka yi a ƙauyukan Garki, da ke jihar Jigawa a yanzu, Alan Fleming da abokan aikinsa sun gwada jinin mutanen yankin. A cikin jarirai sababbin haihuwa, kusan 24 cikin 100 AS ne. A cikin waɗanda suka haura shekara biyar, adadin ya kai kusan 29, domin sauro ya fi ɗaukar AA. SS kuwa kusan biyu ne cikin kowane jariri 100, amma a cikin manya da ƙyar ake samun ɗaya. Ba warkewa suka yi ba, rasuwa suka yi tun suna goye, akasari ba tare da an san sunan abin da ya kashe su ba. Yau ma Najeriya ce kan gaba a duniya wajen haihuwar masu sikila, kimanin 150,000 a shekara bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya.

Jinin da kowa ya taɓa mallaka

A 1948 wata likitar yara a Niyok, Janet Watson, ta lura cewa jinin jariran da suka gaji sikila ba ya saurin zama lauje kamar na iyayensu mata, kuma ciwon ba ya taɓa su a farkon watanni. Ta ce sirrin yana cikin hemogulobin na ɗan tayi. Ta yi daidai. Ɗan tayi ba ya amfani da sarƙar beta sosai. Wata sarƙa yake ƙerawa mai suna gama, hemogulobin ɗinsa kuma, wanda ake kira F, ya fi kama oksijin don ya iya karɓa daga jinin uwa. Sarƙar gama ba ta da balin a gurbi na shida, kuma a gurbi na 87 tana da wani amino asid da ke hana ta shiga igiyar. Saboda haka F yana aiki biyu: yana rage kaurin S, kuma duk hemogulobin da ya haɗa sarƙar gama a jikinsa ya fita daga sahun masu ƙulla igiya.

Bayan haihuwa jiki yakan rufe gama a hankali ya buɗe beta. Kafin yaro ya cika shekara, F ya kusa ƙarewa. A daidai wannan tsakani ne, daga wata huɗu zuwa shida, uwa take fara ganin hannuwa da ƙafafun jaririnta sun kumbura, yana tsala kuka idan an taɓa shi. Wasu ma, irin Victoria, ba sa kai wata huɗun.

Amma akwai mutanen da jikinsu bai rufe gama ba. Wanda ya gaji S daga ɗaya cikin iyayensa, ya kuma gaji wannan ɗorewar F daga ɗayan, yakan rayu da kusan kashi 30 cikin 100 na F a kowace ƙwaya, sauran duk S, kuma galibi bai san ciwo ba. A gabashin Saudiyya da wasu sassan Indiya, masu SS suna da F mai yawa, ciwon kuma ya fi sauƙi a ƙuruciyarsu. Nau'in da ya fi yawa a Najeriya, wanda ake laƙaba wa sunan Benin, ba ya zuwa da wannan rangwame. Tambayar da ta ɗauki shekara 60 ita ce: mene ne yake rufe gama?

Amsar ta fara fitowa a 2007 da 2008, lokacin da aka kwatanta DNA na dubban mutane masu F da yawa da masu kaɗan, alamu suka nuna wata ƙwayar gado a kuromozom na 2 mai suna BCL11A. A 2008 Vijay Sankaran da Stuart Orkin a Boston suka nuna cewa furotin da take ƙerawa shi ne yake danne gama. A 2011 aka cire ta daga ƙwayoyin jinin ɓeraye masu sikila, ciwon ya kau. Sai dai ba a iya kashe ta gaba ɗaya a jikin mutum, don ƙwaƙwalwa tana buƙatarta, ƙwayoyin garkuwar jiki ma haka. A 2013 Daniel Bauer, a ɗakin binciken Orkin, ya gano wani ɗan yanki a cikin BCL11A wanda aikinsa kawai shi ne ya tayar da ita a ƙwayoyin da za su zama jajaye. Sauran ƙwayoyin jiki ba su damu da shi ba. A 2015 aka ƙara taƙaita wurin zuwa 'yan haruffa kaɗan inda wani furotin mai suna GATA1 yake sauka. A lalata waɗannan haruffa, BCL11A ta yi shiru a jar ƙwaya kaɗai, gama ta dawo.

Kayan yankan kuwa sun samu a 2012, daga aikin Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier, wanda ya kai su ga kyautar Nobel a 2020. CRISPR hanya ce da ƙwayoyin bakteriya suke kare kansu daga bairos: furotin mai suna Cas9 yana yanka DNA, wani ɗan guntun RNA, ɗan'uwan DNA, mai haruffa 20 yana nuna masa wurin. Idan aka yanka, ƙwayar halitta takan yi gaggawar ɗinke wurin, kuma a ɗinkin takan yar da 'yan haruffa ko ta ƙara. Maye harafi da harafi daidai abu ne mai wuya a iyayen ƙwayoyin jini, wato na cikin ɓargo da ke haifar da sauran. Ɓata wuri kuwa da sauƙi. Shi ya sa aka bar T ɗin da ke gurbi na shida aka nufi mazaunin GATA1.

Abin da aka yi mata, da abin da ya biyo baya

An fara da yi mata musayar jini na makonni don a rage S. Sannan aka ba ta wani magani mai suna plerixafor, wanda ke koro iyayen ƙwayoyin jini daga ɓargo zuwa jijiya, na'ura ta tace su. Maganin da aka saba amfani da shi wajen wannan aiki ga sauran mutane yana tayar da ciwo mai haɗari ga mai sikila, dole aka kauce masa. A ɗakin bincike aka bi ƙwayoyin da ɗan bugun lantarki, fatarsu ta buɗe na ɗan lokaci, Cas9 da jagoransa suka shiga suka yi yankan, aka daskarar da su.

Mataki na gaba shi ne mafi wuya. Sababbin ƙwayoyi ba za su samu wurin zama ba sai an share tsohon ɓargo, kuma da busulfan ake share shi, maganin kansa mai ƙarfi, kwana huɗu a jere. Gashinta ya zube, bakinta da maƙogwaronta suka yi gyambo har cin abinci ya gagara. Fararen ƙwayoyin jininta suka ƙare, cuta ta shiga jininta, aka yi ta fama da ita da magunguna. Daga baya ta yi fama da tsakuwar matsarmama da ciwon ciki. Sai a rana ta 30 bayan ɗurin sabon ɓargon ya nuna ya kama. Ƙarin jini na ƙarshe da aka yi mata a rana ta 19 ne.

Kafin maganin, F ɗinta kashi 9.1 ne cikin 100. A wata na uku ya kai 37.2, a wata na 15 ya kai 43.2. Ma'aunin jininta ya tashi daga 7.2 zuwa 12. Lambar da ta fi muhimmanci a ganina ita ce ta rabon F ɗin: a da kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙwayoyinta ne suke da shi, bayan maganin sama da 98 cikin 100. S bai tafi ba, har a wata na 15 ya ɗan haura rabin hemogulobin ɗinta. Amma yanzu a kusan kowace ƙwaya yana gauraye da F da zai tsawaita jinkirin har ta ratsa ta fita. Ciwon da ke tashi sau bakwai a shekara bai tashi ko sau ɗaya ba a tsawon lokacin da rahoton ya ƙunsa. A Maris na 2023 ta tsaya da ƙafafunta a gaban taron masana gyaran ƙwayoyin gado a Landan ta ba da labarinta, kusan shekara huɗu bayan ɗurin. Ta koma aiki, tana kula da 'ya'yanta da kanta.

Ba ita kaɗai ba ce. A cikin mutum 31 da aka bibiya tsawon lokacin da ya isa a yanke hukunci, 29 sun yi aƙalla wata 12 a jere ba tare da ciwo mai tsanani ya tashi ba. Birtaniya ta amince da maganin a Nuwamban 2023, Amurka a ranar 8 ga Disamba, da sunan Casgevy, na kamfanonin Vertex da CRISPR Therapeutics. Bahrain da Saudiyya ma sun amince da shi.

Akwai abubuwan da ya kamata mai karatu ya riƙe kafin murna ta ɗauke shi. Busulfan yana iya kashe haihuwa, ga mace da namiji, kuma yana da nasa haɗarin na jawo kansar jini. Gyaran a ɓargo kawai yake, bai taɓa ƙwan haihuwa ba. Wanda aka yi wa maganin SS ne har yanzu ta fuskar gado, zai ba kowane ɗansa S, gwajin jinotaif kafin aure yana nan a kansa. Ɓarnar da ciwon ya riga ya yi wa ƙashin ƙugu ko ƙoda ba lallai ta koma ba. Sannan Cas9 yana iya yanka wani wuri mai kama da inda aka aike shi, kuma da yake DNA na 'yan Afirka ya fi na kowa bambance-bambance, masu ba hukumar magunguna ta Amurka shawara sun zauna a kan wannan batu a Oktoban 2023 kafin a ba da izini. Shekara 15 aka tsara za a bibiyi duk wanda ya karɓa.

Kuɗinsa dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, ban da kwanciyar asibiti.

Daga Nashbil zuwa Kano

Idan aka tsaya a kan wannan kuɗi, sai a ce labarin ba namu ba ne. Ban yarda da haka ba. Abin da lamarin Victoria ya tabbatar a jikin mutum shi ne cewa F, idan ya wadata kuma ya bazu a kowace ƙwaya, ya isa ya kwantar da ciwon ko da S yana nan. Akwai kuma ƙwayar magani mai arha da ta daɗe tana bin wannan hanya. Hydroxyurea tana ɗan takura wa ɓargo, sai ya koma ƙera ƙwayoyi masu F. Tana kuma rage fararen ƙwayoyin da ke liƙe wa bangon jijiya, tana sa jajaye su ƙara girma da ruwa. Gwajin 1995 a Amurka ya nuna tana rage tashin ciwo da kusan rabi a manya. Gwajin da aka wallafa a 2019, a kan yara a Angola da Kongo da Kenya da Uganda, ya nuna raguwar ciwo da ƙarin jini da mace-mace, har da zazzaɓin cizon sauro.

A Kano da Kaduna an yi nasu gwajin. Akwai wata na'ura da ake ɗorawa a gefen kan yaro, ta auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Idan ya kai santimita 200 a daƙiƙa, jijiyar ta ƙuntata ke nan, kuma idan ba a yi komai ba kusan ɗaya cikin goma na irin waɗannan yara ɓarin jikinsa zai shanye a kowace shekara. A Amurka ƙarin jini ake yi musu kowane wata. A wurin da jini yake da tsada da wuyar samu, wannan ba mai ɗorewa ba ne. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala da Asibitin Barau Dikko, tare da Jami'ar Vanderbilt, wadda ita ma a Nashbil take, suka ɗauki yara 220 masu wannan alama, 'yan shekara 5 zuwa 12, suka raba su biyu: wasu miligiram 10 na hydroxyurea a kowane kilo na nauyinsu, wasu 20. Sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna shanyewar ta sauka zuwa tsakanin ɗaya da biyu cikin ɗari a shekara a duka ɓangarorin, masu shan 20 kuma sun fi ƙarancin kwanciya a asibiti. Babu rukunin da aka bari ba magani, don hakan zai zama zalunci, saboda haka kwatancin da tsofaffin alƙaluma ne. Duk da haka tazarar tana da faɗi.

Hydroxyurea ba waraka ba ce. Kullum ake sha, sai da likita, sai da gwajin jini lokaci-lokaci, kuma F ɗin da take tayarwa ba ya rabuwa daidai: wata ƙwaya ta samu da yawa, wata ta tashi da kaɗan, ita ce kuma za ta toshe hanya. Amma abin da ke ci mini rai shi ne yawan yaran da ko sunanta iyayensu ba su taɓa ji ba, da waɗanda aka rubuta musu suka sha wata biyu kuɗi ya yanke, da waɗanda ba a gano SS ba ne sai bayan ɓarin jiki ya shanye, alhali ɗigon jini daga diddigen jariri ya isa a gane tun makon suna. Dokar gwaji kafin aure da jihar Kano ta kafa a 2024 za ta taimaka wa waɗanda ba a haifa ba. Waɗanda aka riga aka haifa gwajin jarirai suke buƙata, da fenisilin, da rigakafi, da gidan sauro, da na'urar auna kai, da magani a kantin asibitin ƙaramar hukuma a farashin da manomi zai iya.

Masu bincike suna bin hanyoyi biyu yanzu. Ta farko ita ce a kai kayan gyaran cikin ɓargo da allura, ba tare da an fitar da ƙwayoyi ko an share ɓargo da busulfan ba. A 2019 Cibiyar Lafiya ta Ƙasa ta Amurka da Gidauniyar Gates suka yi alkawarin dala miliyan 200 don irin wannan aiki a kan sikila da ƙanjamau, da nufin ya isa Afirka. Ta biyu ita ce ƙwayar sha da za ta narkar da furotin masu danne gama kai tsaye. A 2024 masu binciken kamfanin Novartis suka ba da rahoton wani sinadari da ke narkar da ɗaya daga cikinsu, mai suna WIZ, ya kuma tayar da F a jikin ɓeraye da birai. Ma'aunin da za a riƙe wa kowanne daga cikinsu a jikin mutum sananne ne: F kusan kashi 30 cikin 100, a kowace ƙwaya.